Tambayoyinku, Amsoshinmu: Ina Za Mu Kai Iyali a Ƙarshen Kaka?

Wasiƙun wannan watan kusan duk wuri ɗaya suka dosa. Ruwa ya ɗauke, an kai amfanin gona gida, kuɗin shinkafa da gero sun fara shiga aljihu, magidanta kuma suna neman inda za su kai iyali su sha iska kafin ɗari ya kankama. Mun taƙaita tambayoyin saboda wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina da mata da yara biyar, babban shekararsa 14, ƙaramar shekara 2, ga mahaifiyata tana tare da mu. Na samu hutun kwana huɗu a ƙarshen Nuwamba. Yara sun ce Yankari, uwargida ta ce Jos, ni kuwa Kano nake so. Motata Sienna ce. Ina ya kamata mu nufa? (Magidanci, Gesse, Birnin Kebbi)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. A kwana huɗu, da ɗiya mai shekara 2 da tsohuwa a cikin mota, duka ukun ba wanda ya dace da ku. Ba sha'awa za a fara dubawa ba, hasken rana za a fara lissafawa. A ƙarshen Nuwamba rana kan fito wajen 6:45 a Birnin Kebbi, ta faɗi wajen 6:15. Mai iyali a hanyoyinmu na yanzu ya kamata ya tashi ƙarfe 7, ya sauka masauki kafin ƙarfe 4. Awa tara ke nan. Cire tsayawar fitsarin yara duk bayan awa biyu, cire sallar azahar da cin abinci, cire shingayen jami'an tsaro, abin da zai rage na tuƙi bai fi awa shida ba. Da ramuka da ratsa garuruwa, kilomita 60 a awa shi ne gaskiyar magana, wato kilomita 350 zuwa 400 a yini. Kano ta haura kilomita 600 daga gidanka, Jos ta fi haka, Yankari kuwa kilomita 1,000 ce ko fiye. Ko Kano ka zaɓa, kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, hutu ya ƙare a kan kujerar mota.

Shawararmu ita ce zagayen Argungu, Sakkwato da Gwandu. Duka bai kai kilomita 450 ba, kuma babu ranar da za ku yi fiye da awa uku a hanya.

Ku tashi ranar Alhamis. Argungu kusan awa ɗaya ce daga Birnin Kebbi. Ku fara da Gidan Tarihi na Kanta tun da hantsi. Ginin ya samo asali tun 1831, shi ne fadar Sarkin Kabi har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Akwai ɗakuna goma sha ɗaya: makamai, tambura, kayan su, kayan sarauta, ga kaburburan sarakunan Kabi a cikin harabar. Ku nemi mai yi wa baƙi bayani ya zagaya da ku, ku sallame shi da abin goro. Idan babu shi, yara za su ga tsofaffin masu da takubba kawai, cikin minti ashirin su gaji. Idan yana nan, ɗan shekara 14 zai fito ya san wane ne Kanta, ya san Surame, tsohon babban birnin Kabi, ya san yadda Kabawa suka tsaya da ƙafarsu a ƙarni na 16. Daga nan ku gangara Matan Fada ku ga bakin ruwa, ku ci kifi, ku kama hanyar Sakkwato kafin ƙarfe biyu. Wajen kilomita 100 ce.

Juma'a a Sakkwato tana da tsarinta. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ma'aikata ce ta gwamnatin jiha, don haka da safe za ku je, tsakanin 9 da 11:30, kafin ma'aikata su watse. Wanda ya bari sai Asabar yana iya tarar da ƙofa a rufe. Kai da samarin ku yi Juma'a a Masallacin Shehu ko na Sultan Bello, amma ka ajiye mota nesa ku taka, domin bayan sallama unguwar kan cushe. Hubbaren Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, a bar shi sai bayan la'asar ko safiyar Asabar, lokacin da Hajiya za ta shiga a natse ba turereniya. 'Yan matan gidan a nuna musu cewa Nana Asma'u ma a nan take kwance kusa da mahaifinta. Takalmi a waje ake barinsa, ga masu neman sadaka a bakin ƙofa, saboda haka a tanadi canji tun daga gida.

Ranar Asabar ku dawo ta hanyar Boɗinga. Sifawa, inda Shehu ya zauna shekaru kafin ya koma Sakkwato, tana nan kusa, sai Shagari, sai Tambuwal. A Tambuwal ka tambayi direbobin tasha halin hanyar da ke ratsawa Gwandu. In sun ce lafiya, ku shiga ku ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ku kwana gida. In sun ce ta lalace, ku bi ta Jega, Gwandu a yi ta ranar Lahadi da safe a dawo kafin azahar.

Wurare biyu za su ja ranka, kuma muna cewa a bar su bana. Kufan Surame yana cikin ƙaramar hukumar Binji, yankin da ake fama da Lakurawa. Wurno, inda hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, tana ɓangaren gabas, kada a je sai wani ɗan garin ya tabbatar da lafiyar hanya a safiyar ranar. Sai maganar makaranta: ƙarshen Nuwamba daf yake da jarrabawar zangon farko. Alhamis da Juma'a kawai yara za su rasa, amma a sanar da hedimasta tukuna.

TAMBAYA: Shekara guda muna adashe ni da maigida don mu kai yara Yankari su ga giwa. Kuɗin sun cika. Mu tafi yanzu ko mu jira? (Malamar makaranta, Jega)

AMSA: Malama, idan giwa ce buƙata, ku jira. Dalilin ciyawa ne da ruwa. A Nuwamba dajin bai bushe ba, ciyawa ta fi tsayin mutum a wurare da yawa, kuma kowane kwari yana da sauran ruwan damina. Dabba ba ta da dalilin fitowa fili. Dajin faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, giwayen kuma ba su da yawa, suna iya yin makonni a wani lungu da motar yawo ba ta kaiwa. Sai rani ya yi nisa, tafkuna sun ƙafe, sannan dabbobi ke taruwa a kogin Gaji. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ake samun haka sosai. A lokacin ne ake ganin ɓauna, gwanki, kanki da gwambaza cikin sauƙi, giwa kuma in an dace. Ko a Maris babu mai yi muku alkawarinta, ku faɗa wa yara haka tun daga gida.

Abin da Nuwamba da Disamba suka fi rani da shi, sanyin gari ne da ruwan Wikki, maɓuɓɓugar ɗumi da ke cikin dajin. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, damina da rani, don haka da sassafe lokacin hunturu ya fi daɗi. Gwaggon biri da mugun dawa kuwa har cikin sansanin suke yawo, kowane wata aka je za a gan su. Idan hutun Disamba ne kaɗai kuke da shi, tafiyar ba asara ba ce, sai dai a san abin da aka je gani.

A ware mako guda cur. Ta mota kwana biyu da rabi ne zuwa, a kwana Gusau ko Funtuwa, a kwana Kano, sannan Bauci. Wanda aljihunsa zai ɗauka ya hau jirgi zuwa Abuja daga Birnin Kebbi ko Sakkwato, ya bi mota ta Akwanga da Jos. Amma daga Disamba zuwa Janairu hazo kan hana jirage sauka, sai a ɗage tashi ko a soke, saboda haka kada a sa ranar dawowa daf da ranar komawa aiki. Daga garin Bauci zuwa sansanin Wikki wajen kilomita 110 ne: a bi hanyar Gwambe zuwa Dindima, a karya zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofa kuma akwai sauran kilomita arba'in da 'yan kai cikin daji. A cika tanki a Bauci, a sayi ruwan sha, burodi, madarar yara da magani a can, a riƙe tsabar kuɗi domin sabis na waya yana yankewa. Ɗaki a kama shi ta waya tun kafin a baro gida, musamman makon Kirsimeti da sabuwar shekara.

Abubuwan da ke ɓata wa masu iyali rai a can uku ne. Birai suna fizge leda daga hannun yaro, suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba, suna shiga mota ta tagar da aka bari. Kada yaro ya riƙe abinci a waje, kada kuma ya yi kokawa da biri a kan leda, ya sakar masa. Na biyu tsando, ƙudan da ke cizo lokacin yawon daji. Baƙin tufafi da shuɗi suke bi, don haka a sa masu haske, masu dogon hannu. Na uku zurfin Wikki: ruwan garau yake har ana ganin yashin ƙasa, sai mutum ya ɗauka bai da zurfi, alhali akwai wurin da ya kusa mita 2. Yaron da bai iya ruwa ba ya tsaya gefe mara zurfi, babba ɗaya kuma ya zauna bakin ruwa aikinsa kallo kawai. Yawon daji na sassafe ya fi na yamma. A hanyar dawowa a tsaya kabarin Abubakar Tafawa Balewa a cikin garin Bauci, awa ɗaya ta isa.

Jos da wasu ke haɗawa da wannan tafiya, wajen kilomita 130 ce daga Bauci. Tana kan tudu mai tsayin mita 1,200, dare kan sauka wajen digiri 11 a Disamba da Janairu. Gidan tarihinta na 1952 da filin gine-ginen gargajiya da ke gefensa sun cancanci yini guda, amma mai jariri ko mai asma ya yi tunani sau biyu.

TAMBAYA: Daga Gusau nake. Iyalina ba su taɓa zuwa Kano ba. Kwana uku ya isa? Kuma yaya batun hanya? (Ɗan kasuwa, Tudun Wada, Gusau)

AMSA: Ya isa, Alhaji, kai Kano yini ɗaya ce gare ka, wajen kilomita 300. Hanyar ce abin magana. Tsakanin Gusau, Tsafe da Funtuwa an sha tare motoci, kai ma ka sani. Kada ka zama motar farko da asuba, kada ka zama ta ƙarshe da yamma. Ka shiga tasha da safe ka ji daga bakin direbobin da suka iso daga Funtuwa a ranar, ka tashi tsakanin 8 da 9 lokacin da hanya ta cika da motoci, ka bi ayarinsu. In ka ga motocin da ke tahowa sun ɗauke ɗif na tsawon mintuna, ka tsaya a gari mafi kusa ka tambaya. Uwargida da yara kada su sa ranar tafiya ko hoton hanya a WhatsApp da Facebook sai an dawo. Kwatarkwashi da za ku wuce, a nuna wa yara dutsen ta taga, ba lokacin hawa ba ne.

A Kano ka ajiye motarka a masauki ka ɗauki shatar a-daidaita-sahu biyu don cikin Birni, za ka huta da neman wurin ajiye mota. Dala da safe, kafin rana ta yi zafi, amma in hazo ya sauka ba za a hango garin da kyau ba, sai a musanya da wata ranar. Daga nan Gidan Makama, wanda ke fuskantar fadar sarki kuma ya samo asali tun zamanin Muhammadu Rumfa, sai marinar Ƙofar Mata, sai kasuwar Kurmi. Kurmi lunguna ce matsattsu, ƙaramin yaro a goya shi ko a riƙe hannunsa, kuma kowane yaro a rubuta lambar wayarka a takarda a sa masa a aljihu. Rana ta biyu gidan zu na Audu Baƙo da safe, Kantin Kwari da rana don uwargida. Kada ka sa cikin Birni ranar Juma'a da azahar.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 6 yana da sikila, ga jaririya 'yar wata bakwai. Maigida yana so mu je Sakkwato mu yi kwana uku wajen 'yan'uwa. Me zan tanada? (Uwar yara, Kalgo)

AMSA: Allah ya ƙara masa lafiya, 'yar'uwa. Tafiyar mai yiwuwa ce, gajera ce, kuma Sakkwato tana da asibitin koyarwa. Abu biyu ke tayar da ciwon sikila a wannan lokaci: sanyi da ƙarancin ruwa a jiki. Hunturu ya haɗa duka biyun, domin iskar busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki ba tare da yaro ya yi gumi ko ya ji ƙishirwa ba. Ki ba shi gorarsa ta kansa, ki riƙa tuna masa ya sha, ki duba fitsarinsa: in ya yi ja, ruwan bai isa ba. Rigar sanyi, hula da safa su zauna a jakar hannunki, ba a but ba. Wanka da ruwan ɗumi da rana tsaka, ba da asuba ba. Kada iskar na'urar sanyaya mota ta buge shi kai tsaye. Magungunansa na kullum ki ƙirga na kwanakin tafiya ki ƙara na kwana uku, ki ɗauki katinsa na asibiti. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama ko ɗashewar tafin hannu da ido, waɗannan na asibiti ne nan take, ba na kemis ba.

Kuskuren da iyaye suka fi yi a ƙarshen kaka shi ne ɗaukar cewa sauro ya tafi da damina. Bai tafi ba, balle a garuruwan fadama. Ƙari a kan haka, maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata da damina, zagayensa kan ƙare wajen Oktoba, kuma kariyarsa ba ta wuce mako huɗu. Wato a ƙarshen Nuwamba ta riga ta ƙare. Ki tafi da gidan sauronki da igiya da ƙusa huɗu, kada ki dogara da na masu masauki. Jihar Kebbi na cikin jihohi biyu da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Disamban 2024, ana farawa daga wata biyar. Ki duba katin jaririyar ko ta samu, amma allurar ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro. Duk wanda jikinsa ya yi zafi, a yi gwajin jini a ranar kafin a ba da magani, in an fara kuma a cika kwana ukun.

A jakar magani a sa farasitamol na yara, ma'aunin zafin jiki, gishirin ORS da ƙwayar zinc. Ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake damawa, abin da ya kwana ya wuni a zubar. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya. Man kaɗanya ko basilin don leɓe da ƙafa. In yaro ya yi haɓo, ya sunkuyar da kai gaba, a matse tsokar hanci minti goma. Ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro.

Gidan 'yan'uwa akan taru ɗaki ɗaya a rufe ƙofa da taga, wani lokaci har da kaskon garwashi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, haka hayaƙin janareto a kusa da taga. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko, sannan a kwanta. Cunkoso a ɗaki mara iska kuma shi ne abokin sanƙarau, wanda lokacinsa ke farawa da shigowar rani. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko kumburin maɗigar jariri, a nufi asibiti ko tsakar dare ne.

TAMBAYA: Muna so mu je Yawuri yara su shiga jirgin ruwa su ga Neja. Lafiya lau ne a wannan lokaci? (Magidanci, Koko)

AMSA: Yawuri zaɓi ne mai kyau gare ka, Malam, kusa ce, ga kifi, ga kallon jiragen 'yan kasuwa a bakin ruwa. Amma kada ka ɗauka ruwa ya ja baya don damina ta wuce. Neja cika biyu take yi a nan: ta ruwan samanmu daga Agusta zuwa Oktoba, sai wadda ke gangarowa daga ƙasashen Gini da Mali, wadda ke isowa wajen Disamba. Tafkin Kainji a cike yake a wannan tsakani. Tun da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya haɗiye gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwa suna nan a ƙarƙashi, su ne ke fasa jirgin katako. Hatsarin Warra na Mayun 2021, wanda ya ci mutane masu yawa, lodi fiye da kima ne da tsohon jirgi.

Kada ku shiga jirgin kasuwa da ke ɗauke da buhuna da babura. Ku ɗauki shatar ƙaramin jirgi ku kaɗai, na minti talatin zuwa arba'in, kusa da gaɓa, tsakanin hantsi da azahar, ranar da babu iska kuma hazo bai rufe tsallake ba. Ka leƙa cikin jirgin kafin ku hau: in akwai yaro da aikinsa kwarfe ruwa ba tsayawa, nemi wani. Rigar kariya kowa da tasa, kuma ta babba ba ta yi wa yaro. Gwajinta: a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ɗaga, in ta haura kunnuwansa to za ta zame a ruwa. In ba a samu daidai shi ba, ya tsaya a tudu tare da babba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa (NIWA) ta hana tafiyar ruwa da dare, ku ma kada yamma ta yi muku a kai.

Wanka a gefen kogi da kududdufan fadama a hana yara. Tsargiya daga nan ake ɗaukarta: ƙwayar tana fitowa daga katantanwar ruwa ta huda fata, fitsarin jini kuma sai bayan wata biyu ko uku yake bayyana, lokacin an manta da tafiyar.

TAMBAYA: Me zan sa bakanike ya duba, kuma yaya zan lissafa kuɗin tafiya? (Sabon mai mota, Aliero)

AMSA: Ka kai mota mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in an taɓa wani abu ya nuna kansa a cikin gari. Taya ita ce farko. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar taya ta tsufa bayan shekara huɗu ko da zanenta bai cinye ba, domin robar na bushewa ta tsage. A auna iska da safe taya na sanyi, har da safaya. Matatar iska a canza ta ko a kakkaɓe, ƙurar hunturu tana toshe ta, mota ta rasa ƙarfi ta ƙara shan mai. Sai baƙin mai, birki, fambel, ruwan lagireto, batir, fitilu da waifa. Gilashi mai ƙura kada a goge shi a bushe, yana karcewa, a zuba ruwa tukuna. Jak, abin kwance taya, gorar kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku da jarkar ruwa lita 10 su zauna a but. Lasisi, takardun mota da inshora a duba kwanan watansu. Lambar 122 ta jami'an kiyaye haɗurra ce, 112 ta gaggawa.

Hanyar kaka tana da nata tarko: manyan motocin shinkafa da albasa, hatsin da aka shanya a gefen kwalta, garken shanu masu gangarawa fadama, da hayaƙin ƙunar daji. In hazo ko hayaƙi ya rufe gaba, a kunna ƙananan fitilu, a rage gudu, kada a wuce wata mota. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 a baya suke zama.

Farashi yana canzawa, don haka ka lissafa da lita. Ƙaramar mota mai lodi tana cin wajen lita ɗaya a kilomita 10, irin su Sienna da Sharan lita ɗaya a kilomita 8. Tafiyar kilomita 400 ke nan lita 40 zuwa 50, ka ƙara lita 10 na yawon cikin gari. Haɗa kuɗin ɗaki, abinci sau uku, kuɗin shiga wurare da tsaraba, sannan ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar na jimlar a matsayin kuɗin ko-ta-kwana, rabinsa tsaba. Kafin ka biya ɗaki ka tambayi awa nawa ake ba da wuta da dare, ko akwai ruwan zafi, da ko mota za ta kwana cikin katanga.

TAMBAYA: Bikin kamun kifi na Argungu yana cikin wannan lokacin? (Ɗaliba, Zuru)

AMSA: A'a, ɗiyata. Wajen Fabrairu ko Maris ake yinsa, lokacin da ruwan Matan Fada ya ja baya, kuma ba kowace shekara ba, sai gwamnatin jiha da masarauta sun sanar. An faro shi a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Mai ƙananan yara ma ya fi jin daɗin Argungu yanzu, babu cunkoso kuma ɗaki bai yi tsada ba.

TAMBAYA: Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ko Sakkwato, za mu yi kasaru? (Dattijo, Makerar Gandu, Birnin Kebbi)

AMSA: Baba, a mazhabar Malikiyya nisan kasaru mil 48 ne, wanda ake ƙiyastawa da wajen kilomita 80. Argungu ba ta kai ba, sai a cika salla. Sakkwato ta wuce, wajen kilomita 150 ce, don haka azahar, la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu ne daga lokacin da aka bar gine-ginen gari. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a can, kasarunsa ya yanke da isarsa. Wanda kuma ya bi limamin gari salla, ya cika tare da shi.